Me ya sa taken tsofaffin shirye-shiryen almarar kimiyya ke maƙalewa a kai, na yanzu kuma sai a manta?

To ɗan'uwa, in na fahimci tambayarka daidai, cewa kake ko daga barci aka tashe ka za ka iya rera taken Star Trek ko na The X-Files da baki, amma shirin da ka gama kallo makon jiya, zango guda cur, ko ɗigon kiɗansa ba ka riƙe ba, shi ne kake zargin ko dai masu tsara kiɗan yanzu ne ba su iya ba, ko kuma kwamfuta ce ta kashe sana'ar tunda aka rage tara makaɗa a ɗaki ɗaya. Na daɗe ina aikin ɗora wa hoto kiɗa, kuma ni ma mayen waɗannan shirye-shiryen ne, don haka bari in faɗa maka yadda nake ganin abin daga ciki. Abin da kunnenka ya ji gaskiya ne, sai dai waɗanda ka kama da laifin ba su ne ɓarayin ba.

Bari mu fara wanke na'ura, don ita aka fi yi wa ƙazafi. Taken da kusan kowa ya yarda shi ne uban gayya a wannan fanni, na Doctor Who, wanda BBC ta fara haskawa ranar 23 ga Nuwamba 1963, babu makaɗi ko ɗaya da ya busa ko ya kaɗa shi. Ron Grainer ne ya rubuta karin a takarda, amma wadda ta mayar da shi sauti wata mata ce, Delia Derbyshire, a sashen gwaje-gwajen sauti na BBC mai suna Radiophonic Workshop da ke Maida Vale a Landan. Ko sintesaiza, na'urar haɗa sautin kiɗa da lantarki, irin wadda muka sani yanzu ba su da ita. Kayan aikinta zaren tef ne da reza da rula, sai wasu na'urorin gwaji da injiniyoyi ke auna kayan lantarki da su, masu fitar da sauti ɗaya tilo kamar kukan sauro. Wannan bugun na ƙasa da kake ji yana tafiya kamar sukuwar doki, tsirkiya ɗaya aka taɓa aka naɗa, shikenan. In tana son sautin ya hau sai ta ƙara wa tef ɗin gudu ta sake naɗa, in tana son ya sauka ta rage masa, har ta tara duk hawa da saukar da karin ke buƙata. Sannan ta zauna ta auna tsawon kowane sauti da rula, tunda an san inci nawa tef ke ci a daƙiƙa ɗaya, ta yanka, ta liƙa, ta yanka, ta liƙa, sauti bayan sauti. Kuma ba su da rikoda mai ɗaukar layi da yawa, don haka bugun ƙasa yana kan faifansa, karin yana kan nasa, hucin iskan nan yana kan nasa, sai a kunna injinan lokaci ɗaya da hannu a yi ta addu'a su tafi tare. Dick Mills da ya taya ta aikin ya ba da labarin cewa da suka ji wani sauti ya kauce suka rasa inda yake, warware tef ɗin suka yi a doguwar barandar ginin suna bi da ido har suka ga inda liƙin ɗaya bai yi daidai da na 'yan'uwansa ba. Da Grainer ya ji abin da ta haɗa tambaya ya yi wai shi ya rubuta wannan kuwa, ta ce masa yawancinsa dai. Ya nemi a sa sunanta tare da nasa BBC ta ƙi, ta rasu a 2001, sai a 2013 aka fara rubuta sunanta a allon shirin. Wannan abin har yau yana min ciwo wallahi.

The X-Files ɗin da ka ambata ma ai mutum ɗaya ne, Mark Snow, zaune gaban fiyanon lantarki a situdiyonsa na gida a 1993. Amsa-kuwwar nan da ke bin sautin fiyano, shi da kansa ya ce tsautsayi ne ya kawo ta, ya gaji ya jingina hannunsa a kan fiyanon alhali na'urar amsa-kuwwa na kunne, sai ya ji abin da ya daɗe yana nema. Fiton kuma sautin na'ura ne aka gauraya da fiton matarsa. Wannan taken sai da ya hau mataki na 2 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya a 1996, kiɗan talabijin fa, babu ko baiti ɗaya a ciki. To ka ga in na'ura ce ke kashe kari, da waɗannan biyun ne za su fara mutuwa.

Af, kafin in manta, akwai wani kuskure da masoya ke yawan maimaitawa, wai da teremin aka yi taken Doctor Who da na Star Trek, wato kayan kiɗan nan da ɗan Rasha Leon Theremin ya ƙirƙira wajen 1920 wanda ake kaɗa shi ba tare da an taɓa shi ba, hannu kawai ake wulgawa kusa da eriyarsa. Duk biyun babu shi a ciki. Na Star Trek da Alexander Courage ya rubuta, muryar mace ce mai zaƙi, Loulie Jean Norman, aka cakuɗa da sarewa da ogan. Teremin ya yi suna ne a finafinan silima na shekarun 1950, sai mutane suka ɗauka duk wani sauti mai rawa a sama shi ne.

Abin da ya dasa maka waɗannan take a kai, na farko dai maimaici ne, kuma mutane ba sa son jin haka saboda ba shi da daɗin faɗa. Star Trek na farko kashi 79 ne daga 1966 zuwa 1969, magajinsa The Next Generation kashi 178 daga 1987 zuwa 1994, yawanci 26 a shekara, kuma kowane kashi sai ka zauna ka ji taken nan na wajen minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ba ka da yadda za ka yi da shi, ga kuma maimaici da tashoshi suka yi ta yi shekara da shekaru. Kai har kiɗan cikin labarin ma maimaita shi ake yi. A Star Trek na farko ba kowane kashi ake rubuta wa sabon kiɗa ba, kuɗin ba su kai ba, wasu kaɗan ake ɗauko wa makaɗa, sauran sai edita ya yanko daga wanda aka riga aka naɗa ya liƙa. Kiɗan faɗan nan da Gerald Fried ya rubuta wa kashin da jaruman shirin, Kirk da Spock, suka gwabza a 1967, dalilin da ya sa duniya ta san shi shi ne an yi ta ɗora shi a kan wasu faɗace-faɗacen bayan nan. Talauci ne ya jawo, amma sai ya zamar musu alheri, don kunne ya koyi cewa in ya ji wannan bugun to za a ba hamata iska. Yanzu fa? Zango kashi takwas ne ko goma, ka cinye shi a kwana biyu, sai ka jira shekara biyu ko uku kafin na gaba ya fito, kuma tun 2017 Netflix ta kawo maɓallin tsallake take, sauran ma suka bi sahu. Ka tambayi kanka tsakani da Allah sau nawa ka bar taken shirin makon jiya ya kai ƙarshe. Wasu shirye-shiryen ma sun daina yin dogon take tun kafin maɓallin ya zo, Lost a 2004 suna kawai ke tasowa daga duhu da wani ɗan gurnani na daƙiƙu kaɗan. Karin da ka ji sau biyu ba zai yi gogayya da wanda ka ji sau ɗari biyu kana yaro ba, ko wane gwani ne ya rubuta shi.

Amma ba shi ke nan ba, kuma nan ne ni abin ya fi damuna. Mai tsara kiɗa a talabijin ɗan kwangila ne, ba shi ke da ta cewa ba. Furodusa ne ke yanke ko kiɗa zai fito fili a ji shi ko zai laɓe a bayan bango. Misalin da duk masoyan Star Trek suka sani shi ne na Ron Jones. Shi ya yi wa The Next Generation kiɗa a kashi da dama na zango huɗun farko, har da labari mai kashi biyu, The Best of Both Worlds na 1990, inda Borg, wasu halittu rabi jiki rabi na'ura, suka sace kyaftin ɗin jirgi Picard. Je ka sake kallon mintin ƙarshe na kashi na ɗaya da kunne kawai. Ya ba Borg muryoyin mawaƙa na na'ura, kamar taron mutane na waƙa amma babu rai a ciki, wanda shi ne ainihin abin da Borg suke, sai kiɗan ya yi ta hawa yana matse ka yana matse ka har Riker, mataimakin Picard, ya ba da umarnin a yi harbi, allo ya yi baƙi, okestira ta daki ƙasa da wasu bugu masu nauyi, aka bar mutane da wannan har tsawon wata uku. To wannan mutumin a 1991 aka sallame shi, kuma abin da aka sani shi ne furodusa Rick Berman na ganin kiɗansa ya cika jan hankali, shi ya fi son kiɗan da ba zai sa mai kallo ya lura da shi ba. Daga nan kiɗan cikin shirin ya koma dogayen sautuka masu kwanciya, har masoya suka riƙa kiransa fentin bango. Kuma ba wai Dennis McCarthy da Jay Chattaway da suka ci gaba ba su iya ba ne, McCarthy ne ya rubuta taken Deep Space Nine, wani shirin Star Trek ɗin, da ya ci kyautar Emmy, Chattaway kuma da aka sakar masa mara sau ɗaya a kashin The Inner Light na 1992, saboda labarin kansa na buƙatar Picard ya busa wata 'yar sarewa, sai ya rubuta karin da har gobe in aka sa shi manyan mutane ke share hawaye. Hannun ɗaya ne, izini ne ya bambanta. Ka lura kuma wannan duk ya faru ne a zamanin da kake kira na da, da cikakkiyar okestira a ɗaki, don haka kiɗan da ba a tunawa ba yau aka fara shi ba.

Ban ce furodusoshi mugaye ne kawai ba, akwai dalilin aiki a ciki, ni ma sai da na sha kashi na gane. Na taɓa kwana huɗu a kan wani kari na minti biyu, sarewa a sama goge a ƙasa, ina ji da shi kamar me. Ranar haɗa sauti darakta ya ce wa injiniya a ɗan rage, aka rage, ya ce a ƙara ragewa, ina zaune a baya ina kallon maɓallin na sauka har sarewata ta nutse ƙarƙashin ƙarar injin da ke cikin hoton. Na fita raina a ɓace. Sai da na huce na saurara da kyau na ga ashe sarewar tana zaune daidai inda muryar jarumar take, duk lokacin da ta buɗe baki sai su yi karo, kunne ya rasa wa zai bi. Kari mai daɗi yana zama ne a tsakiyar zangon sauti, wurin da maganar mutum take, shi kuwa gurnanin ƙasa mai kauri yana wucewa ta ƙarƙashin magana ba ya taɓa ta. Shirin kimiyya kuma ya fi kowane shiri cunkoson sauti, ga injin jirgi, ga ƙofofi, ga harbi, ga bayanin kimiyya da dole a ji kowace kalma. Tsofaffin shirye-shirye sukan bar wa kiɗa fili, a nuna jirgi na shawagi na daƙiƙa goma babu mai magana, yanzu kuwa ana jin tsoron mai kallo zai ɗauki wayarsa.

Ga kuma matsalar tace hoto. Da can in an kulle hoto an kulle, yanka fim aiki ne. Yanzu a kwamfuta ake yi, ana iya cire daƙiƙa uku ana gobe za a miƙa aiki, musamman da yake hotunan jirage da duniyoyi na kwamfuta su ne ke isowa a ƙarshe. Kari yana da kai yana da gindi kamar jimla, in ka cire masa daƙiƙa uku a tsakiya kowa zai ji an guntule shi. Gurnani da bugun ganga kuwa ka yanka ta ko'ina ba mai ganewa. Sai masu tsara kiɗa suka koyi rubuta abin da zai jure reza. Sannan edita tun yana tace hoto yakan ɗora kiɗan wucin gadi da ya aro daga wani fim, darakta ya yi wata biyu yana kallo da shi har ya shiga ransa, in ka zo da naka sai a ce maka a yi kamar wancan amma kar ya zama shi. Haka ake ta haihuwar 'ya'ya masu kama ɗaya.

Duk da haka ni ban yarda an daina yin na ƙwarai ba, kuma hujjata ta farko Battlestar Galactica ce ta 2004 zuwa 2009. Na asalin na 1978 da ƙahonni da okestira Stu Phillips ya yi shi, irin na jarumta. Da aka zo sabon, masu shirin suka ce ba sa son wannan salon kwata-kwata. Richard Gibbs ya fara a 2003, sai mataimakinsa Bear McCreary, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya karɓa. Da aka hana shi ƙaho sai ya koma ga manyan gangunan taiko na Japan don yaƙi, da duduk na Armeniya, wani abin busa mai muryar kuka, don baƙin ciki, da abin busan Ailan don kwamandan jirgi Adama da ɗansa, taken buɗewa kuma addu'a ce da harshen Sanskrit. Hikimar ita ce mutanen labarin ragowar bil'adama ne da aka hallaka duniyoyinsu, don haka kiɗansu ya zama tarkacen al'adu da yawa a jirgi ɗaya. A hankali ya riƙa saɗaɗo da abin da aka ce ba a so, kowane mutum da takensa, har ya shigo da goge cikakku a ƙarshen zango na ɗaya. In ba ka kalla ba tsallake layin nan biyu. A ƙarshen zango na uku a 2007 mutum huɗu suka riƙa jin wani kiɗa a jikin bangon jirgi wanda ba mai ji sai su, mu ma masu kallo muna ɗauka kiɗan bango ne irin na kullum, ashe shi ne abin da zai tona musu cewa su Cylon ne, wato mutum-mutumin da suka hallaka duniyoyin bil'adama, daga baya kuma sautukan karin nan suka zama lambobin da suka kai jirgin inda za shi. Kiɗa ya tashi daga ado ya zama ɗan wasa a cikin labari, kuma ba yadda za a yi injiniya ya rage shi tunda in an rage labarin ya rushe.

Kusan duk na baya-bayan nan da suka maƙale wa mutane haka suke, wani mai iko ne ya yanke shawarar a bar kiɗan ya yi magana. Stranger Things a 2016, Kyle Dixon da Michael Stein da tsofaffin sintesaiza, 'yan sautuka ne ke hawa suna sauka amma an ba su allo su kaɗai na kusan minti guda. The Mandalorian a 2019, Ludwig Göransson ya buɗe da wata babbar sarewar katako, kuma tunda jarumin fuskarsa a rufe take ba ya kuma yawan magana, dole kiɗa ne zai faɗi abin da ke ransa, fili ya samu kenan. Severance ma Theodore Shapiro da 'yan sautukan fiyano da suke ƙin sauka inda kunne ke jira. Mu kuma yi wa kanmu adalci, shirye-shiryen kimiyya da aka yi a shekarun 1970 da 1980 suna da yawan gaske, nawa ne a ciki kake iya rera takensu? Biyar ko shida da suka tsira muke ɗauka mu gwada da duk tarkacen bana.

Mu masoya ma muna da namu halin. Lokacin da Murray Gold ke yi wa Doctor Who kiɗa daga 2005 zuwa 2017 da okestirar BBC ta Wales, kuka ake ta yi wai ya cika ƙara, yana danne magana, yana tilasta wa mutum kuka. Da Segun Akinola ya karɓa a 2018 ya koma salon lantarki mai natsuwa wanda ya fi kusa da ruhin aikin Delia, sai aka koma cewa ba a iya rera komai nasa. Aka dawo da Gold a 2023, wasu suka ɗauko tsohon kukan daga inda suka ajiye shi. Haka da Enterprise, wani shirin Star Trek, ta buɗe da waƙa mai baiti a 2001 maimakon okestira har takardar koke masoya suka yi ta sa wa hannu, yau kuma je ka ga yadda waɗansunsu ke rera ta da ƙarfi, zango huɗu na maimaici ya yi aikinsa. Maganar baiti ta tuna min, taken Star Trek na farko ma yana da baitoci, Gene Roddenberry da ya ƙirƙiro shirin ne ya rubuta su ba don a rera ba, sai don ya samu rabin kuɗin haƙƙin mallaka, abin da ya ɓata wa Courage rai ƙwarai.

In kana son ka gwada maganata, ɗauki zangon farko na Andor, shirin Star Wars na 2022, ka sa abin ji a kunne, kuma kar ka taɓa maɓallin tsallakewa. Taken gajere ne, amma Nicholas Britell ya sake masa kaya a kowane ɗaya daga cikin kashi 12, wani da goge, wani da sintesaiza mai karkarwa, wani da ganguna, gwargwadon halin da labarin ke ciki, karin dai shi ne. Kana cikin sha ba ka sani ba. Sai a kashi na ƙarshe, wajen jana'iza, ka ga mutanen garin sun fito da tsofaffin kayan busa, suna ɗan kaucewa kamar waɗanda ba sana'arsu ba ce, suna tafe a hankali a kan titi sojojin daular na kallonsu, can sai bugun ya ƙara sauri taron ya bi shi. Ana barin kiɗan ya yi mintuna yana jan hoton, magana kaɗan ce a kai. Kalli wannan tukuna, bayan kwana biyu ka gwada rera shi ka ji ko zai zo.